Ƙwaron wake ba ya shan ruwa, to me zai kashe shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ni uwar marayu ce a Potiskum. Da kaka na tattara ɗan abin hannuna na sayi wake buhu shida, da niyyar in ajiye zuwa faɗuwar damina in sayar in biya wa yara kuɗin makaranta. Na shanya shi ya bushe ƙayau, na ɗinke buhunan, na jera su a ɗakin da muke kwana saboda tsoron ɓarayi. Duk lokacin sanyi lafiya lau. Zafi na shigowa na fara ganin ƙwari suna yawo a jikin buhu, na buɗe ɗaya na tarar har an fara huda waken. Mai sayar da maganin ƙwari a kasuwa ya ce ƙwarin yanzu sun daina jin magani, in yayyafa Sniper a cikin waken, in kuma sa ƙwayar Phostoxin bibbiyu a kowane buhu, in an tashi dafawa a wanke, shi ke nan. Maƙwabciyata kuma ta ce waken ne da kansa yake haifar da su, ba yadda zan yi. Dakta, ta ina suka shiga buhun da na ɗinke? Me suke sha a cikin busasshen wake da wannan zafin? Kuma in yi abin da mai maganin ya ce? Jarina ke nan gaba ɗaya.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya marayu, ya sa albarka a jarin. Kafin in ce komai: kada ki sa ƙwayar Phostoxin a ɗakin da mutum ke kwana, ko da rabin ƙwaya ce, kuma kada Sniper ta taɓa waken nan. In har kin riga kin sa ƙwayar kafin amsar nan ta iso gare ki, ki fitar da yara yanzu, ki buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya kwana a ɗakin ko a ɗakin da ke manne da shi. Sauran bayanin zai iya jira.

Ƙwarin ba su huda buhunki sun shiga ba, tare kika sayo su da waken. Ta macen wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tun a gona take fara liƙa ƙwai a jikin kwanson wake idan ya nuna, sannan ta ci gaba a masussuka da sito, a jikin ƙwayar waken kanta. Cikin kwana 4 zuwa 8 ƙwan yake ƙyanƙyashewa, amma tsutsar ba ta fitowa fili. Ta ƙarƙashin ƙwan take huda waken ta shige ciki kai tsaye, ta bar ɓawon a liƙe. Ki ɗebo waken a tafin hannu ki duba cikin haske, za ki ga wasu fararen ɗigo-ɗigo manne a jiki, ba sa fita da hura baki. Waɗannan ɓawon ƙwai ne, kuma farin da suka yi alama ce ta cewa tsutsa ta riga ta shiga. A cikin ƙwayar take ci, ta girma, ta kwanta ta rikiɗa, sannan ta ture ɗan zagayen fatar da ta rage ta fito a matsayin ƙwaro. Ramin da kike gani ƙofar fita ce. Da zafi duk wannan sati 3 zuwa 4 ne. Da hunturu abin yana yin nawa ƙwarai, shi ya sa kika ga kamar lafiya lau. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai da ya kusa 100. Ki ɗauka ma 'ya'ya mata 20 kacal ne suka rayu daga kowace: ɗaya ta zama 20, ta zama 400, ta zama 8,000 a zagaye na uku. Ki gaya wa maƙwabciyarki wake ba ya haihuwar ƙwaro.

Tambayarki ta ruwa ita ce mai kyau, domin a cikinta mafitarki take. Busasshen wake na ajiya ruwan da ke jikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 13 cikin 100 ba, alhali jikin tsutsa fiye da rabinsa ruwa ne. Ƙaramar halitta kuma ta fi babba saurin bushewa, don fatarta tana da faɗi in an gwada da ɗan abin da ke ciki. A ƙa'ida da tuni ta ƙone. Abin da ya hana shi ne tsimi, sannan da wata dabara guda.

Tsimin ga yadda yake. Fatar ƙwaro a lulluɓe take da wani siririn maiƙo irin na kakin zuma, wanda ke hana ruwa tsiyayewa ta jiki. Ba shi da huhu, jininsa ma ba ya ɗaukar iska. Ƙananan ƙofofi ne jere a gefen jikinsa, kowace tana kaiwa ga bututu masu rassa har cikin tsoka, kuma kowace ƙofa tana da abin rufewa. Duk buɗewar da ya yi don shaƙar iska sai ɗan ruwa ya fita, saboda haka yawancin lokaci a tsuke suke, musamman in yana hutawa. Fitsari kuwa ba ya yin na ruwa. Dattin da namu jikin ke wankewa da ruwa mai yawa, shi yana mayar da shi yurik asid, wanda ake fitarwa kusan a bushe, sannan ƙarshen hanjinsa ya tsotse ɗan danshin da ya rage kafin kashin ya fita. Garin da kike gani a gindin buhu har da wannan busasshen kashi a ciki. Shi babban ƙwaron da ya fito fili ba ya bukatar ci ko sha sam. Da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwar sati ɗaya zuwa biyu, ya yi barbara, a zuba ƙwai, ya mutu.

Dabarar kuma ita ce yana ƙera ruwansa a cikin jiki. Duk halittar da ta ƙona abinci da iskar oksijin don samun ƙarfi, ruwa yana fita daga wannan ƙonawar. Giram ɗaya na sitaci yana ba da ruwa fiye da rabin giram, giram ɗaya na kitse yana ba da ɗan fiye da giram guda. Mu ma jikinmu yana yi, sai dai bai kai ya kashe mana ƙishi ba. Tsutsar wake kuwa da shi ta fi dogara. Ki riƙe wannan da kyau: ruwan shanta daga iska yake zuwa. In babu oksijin, babu ruwa.

Da yake kin yi mamakin juriyarsa, bari in ce miki a cikin ƙwarin ƙasarmu shi ƙaramin alhaki ne. Yana da ɗan'uwa, Bruchidius atrolineatus, wanda aka yi bincike sosai a kansa a Nijar. Shi da rani ya kama sai ya dakatar da haihuwa gaba ɗaya, ya bar rumbu ya je ya laɓe, sai wake ya sake fure a gona. Akwai ƙwaron khapra mai cin gyaɗa da hatsi a sito, wanda tsutsarsa ke shigewa tsagar bango ko ɗinkin tsohon buhu ta yi shekaru ba ci. Gwanin su duka wata 'yar jar tsutsa ce ta wani ƙwaro mai siffar sauro amma ba ya cizo, Polypedilum vanderplanki, da ke zaune a ƙananan kwarmin duwatsu masu tara ruwan sama a nan arewacin Najeriya. Wani masani ɗan Ingila mai suna Hinton ne ya bayyana ta a 1951. In kwarmin ya ƙafe, tsutsar tana bushewa a hankali har ruwan jikinta ya koma kusan kashi 3 cikin 100, tana cika jikin da wani sukari, tirehalos, har ya kai kusan kashi 20 na busasshen nauyinta, ya daskare ya riƙe komai a wurinsa. An taɓa jiƙa wadda ta shekara 17 a bushe ta farfaɗo. Cikin kamar awa guda da zuba ruwa take fara motsi. Masana daga Japan har nan suka zo suka ɗebe ta. Na kawo ta ne don ki san ƙwaron wakenki ba shi da wannan baiwar. In ya bushe, ya mutu.

To mu zo kan mai maganin kasuwa, domin maganarsa ita ce nake ji kusan kullum, daga bakin manomi, daga bakin ɗan kasuwa, har daga bakin masu ilimin da ya kamata a ce sun fi haka: wai ƙwari sun yi taurin rai, saboda haka a ƙara magani. Bari in nuna miki inda wannan magana ta samo asali.

Mutum ya yayyafa Sniper a wake. Sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, yana kashe ƙwarin da ke yawo a fili nan take. Mai wake ya ga gawarwaki, ya yi murna, ya ɗinke buhu. Amma wannan sinadari ba ya ratsa ƙwayar wake sosai, kuma yana bin iska ya ragu. Tsutsar da ke can ciki, a rufe, tana cin abincinta. Bayan sati uku ta fito, sabuwa fil, buhu ya sake cika. Sai mai wake ya ce kun gani, ba sa jin magani, ya ninka. Bayan wata guda a sake. Dillalin da ya saya daga hannunsa bai san an zuba ba, shi ma ya zuba nasa. Mai awo a kasuwa ta ga ƙwaro ɗaya ya gifta a kan tire, ita ma ta yayyafa. Kafin waken ya kai tukunyar mai ƙosai ya sha guba sau uku ko huɗu, kuma tsutsar da ake nema ko sau ɗaya gubar ba ta same ta yadda ya kamata ba. Mutum kawai take samu.

DDVP guba ce ta jijiya. Yadda take kashe ƙwaro haka take kama ɗan Adam, domin abin da take toshewa a jijiyar ƙwaro akwai shi a tamu. Alamunta dalalar miyau, hawaye, gumi, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, numfashi ya riƙa sarƙewa. An yi ta ne don feshi a gona bayan an sirka da ruwa bisa awo. Ba a yi ta don a zuba a abincin da za a kai kasuwa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, aka riƙa samun waken da ya kai har 4.6. Ki lissafa, ya ninka fiye da sau 400. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye, amma ga inda muka kai kanmu. Kuma abin da ya fi damuna a labarin: waken da aka tantance aka kai Turai ke nan. Wanda ba a gwada ba, wanda ya rage a gida, mu muka cinye shi da 'ya'yanmu.

Maganar a wanke kuwa, ita ce ta fi ba ni haushi, domin tana da ɗan ƙanshin gaskiya. Wanki da dahuwa suna rage wani abu, ba na musu. Amma nawa aka zuba? Yaushe? Sau nawa? Me aka haɗa a kwalbar, tunda wani abin da ake sayarwa fiya-fiya ce da wani ya dama a bayan gida? Babu mai amsa. Wanda bai san yawan abin da ya shiga ba, ta yaya zai san abin da ya rage bayan ɗauraya biyu? Wake kuma yana shan abu, ba a fata kawai yake tsayawa ba. In gamalin ce ma aka zuba, wadda har yau ba ta ɓace daga hannun mutane ba duk da an haramta ta, ita ba ta lalacewa da wuri, taruwa take a kitsen jiki. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma, jihar Gombe, aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake.

Ita Phostoxin labarinta daban ne, kuma ta fi saurin kai mutum kabari. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 in ta sha danshin iska tana sakin giram ɗaya na iskar fosfin. Wannan iska da gaske tana ratsa wake, kuma in ƙwararre ya yi aikin bisa ƙa'ida tana kashe har tsutsar ciki. Ƙa'idar ita ce sito nesa da gidan kwana, tamfol na musamman da ba ya yoyon iska, a danne gefensa, a bar shi aƙalla kwana 5 zuwa 7, sannan a buɗe ya sha iska kafin kowa ya kusanta. Me ya sa sai an daɗe haka? Amsar tana cikin abin da na faɗa miki ɗazu. Fosfin ta hanyar numfashi take shiga, kuma ta fi kama jikin da ke aiki. Ƙwai da tsutsar da ta kwanta tana rikiɗa numfashinsu kaɗan ne ƙwarai, saboda haka gubar ba ta cika kama su ba. Dole a tsare iskar a wurin har ƙwan ya ƙyanƙyashe, mai kwanciya ta farka, su shaƙa. Yanzu ki duba abin da mai magani ya ce ki yi: ƙwaya biyu a buhun saƙa mai ramuka dubu. Kafin kwana biyu iskar ta fice daga buhun. Ina ta tafi? Cikin ɗakin da yaranki ke barci, ƙofa a rufe saboda sauro. Ƙwai da masu kwanciya sun tsira, yara sun shaƙa. Fosfin ba ta da makari. Asibiti tallafa wa zuciya da numfashi kawai suke yi su jira ikon Allah. Tana ratsa tsagar bango da saman silin zuwa ɗakin maƙwabta, kuma yara ne suka fi saurin faɗuwa. Warinta kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi ne, amma mai barci ba ya jin wari, kuma hanci yana sabawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Zan ba mai maganin gaskiyarsa a wuri ɗaya. Akwai ƙwarin sito da suka samu juriyar fosfin ta gado, an tabbatar da haka a ƙasashe da dama, har an gano ƙwayoyin gadon da ke jawo ta. Sai dai a tambaye shi, wa ya haifar da juriyar? Irin aikin da yake koyarwa ne. Duk lokacin da aka sa ƙwaya a buhu mai yoyo, raunana su mutu, masu ɗan ƙarfi su tsira su hayayyafa. Shi ne ke renon ƙwarin da yake kuka da su, sannan ya sayar miki da ƙarin ƙwaya.

Hukumomi kuwa, a 2019 NAFDAC ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da sauran masu DDVP a kasuwanni da kantuna. Ki zaga kasuwar garinku ranar da take ci ki ga ko sanarwar ta iso. Ga su nan a baro da faranti, kusa da mai sayar da ashana, bayanin jikin kwalba da Turanci, mai saya bai iya karantawa ba, mai sayarwa bai taɓa karantawa ba. Malamin gona da zai zauna da manoma ya yi musu bayani, ƙauyuka nawa ne suka ga ƙeyarsa a bana? Shi ya sa mai baro ya zama likitan hatsi.

In tsautsayi ya riga ya faru, wani ya sha ko ya shaƙa, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. A fitar da shi iska, a cire kayan da maganin ya jiƙa, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar ko gwangwanin a hannu. Gubar DDVP tana da allurar da ke karya ta, atrofin, in an kai da wuri.

Yanzu ga abin da za ki yi, kuma duk daga raunin ƙwaron aka ciro shi. Ki hana shi iska. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. In an ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar. Oksijin da ke kashi 21 cikin 100 a sarari sai ya yi ta sauka har ƙasa da kashi 5. Tsutsa ta daina ci, ta daina girma, haihuwa ta tsaya. Da aka bincika abin da ke kashe su a ƙarshe, a wani aiki da masanan suka fitar a 2012, sai aka tarar ƙishirwa ce. An yanke musu oksijin, ruwan da suke ƙerawa ya tsaya, wanda ke jiki yana ta fita kaɗan-kaɗan, suka bushe a cikin waken. Ba ɗigon magani ko ɗaya. Waken yana ciyuwa ranar da aka buɗe, kuma yana tsirowa in iri ne.

Amma buhun sai an bi shi a hankali, kuma a nan mutane ke kuskure su ce ba ya aiki. Ki hura kowace leda ki matse ki ji ko tana yoyo kafin ki zuba. Ki cika buhun, ki bar wurin ɗauri kawai, don buhun da ya cika ya fi ƙarancin iska. Ki matse iskar sama, ki murɗe bakin ledar ciki, ki lanƙwasa, ki ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Kada a haɗa su ɗauri ɗaya. Ki ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Ramin ɓera ɗaya ya ɓata aikin. Kuma ki daure kada ki riƙa buɗewa kina leƙawa, duk buɗewa shayar da su ruwa ne. A yi hattara da jabu mai siririyar leda. In buhun ya yi wuyar samu, jarka mai murfi mai kyau ko duro na ƙarfe suna yin aiki iri ɗaya, muddin an cika har baki an toshe, kuma ba wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. Na amfanin gida sai a raba a ƙananan jarkoki, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Tunda naki ya riga ya kamu, ki fara da rana. Shanya ta tabarma da kika yi tana busar da wake, tana korar manya, amma ba lallai zafin ya kai tsakiyar ƙwaya ba. Ƙwaro yana da wasu sinadaran jiki da ke kare shi daga zafi har zuwa digiri 40 da 'yan kai, daga nan sai su gaza, maiƙon fatar ma ya saki. Digiri 57 na tsawon awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kara a ƙasa don kada ƙasa ta janye zafin, ki ɗora baƙar leda, ki baza waken siriri, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki naɗe gefen ki danne da duwatsu. Awa biyu da tsakar rana, ranar Potiskum ta watan Maris ta isa har da saura. Ki bari ya huce, ki tankaɗe ki sheƙe, ki zuba a buhun nan take kafin wata macen ta sauka a kai. Tsofaffin buhunan kuma kada su koma ɗakin. Ki share ɗakin tas, har lungu. Tokar da iyayenmu ke cuɗawa da wake ba camfi ba ce, tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi ta hana su motsi da barbara, amma sai an sa ta kwano da kwano, daidai da yawan waken. Ta dace da ɗan irin shuka, ba buhu shida ba.

'Yan'uwana 'yan kasuwar hatsi, daga Dawanau har ƙaramar kasuwar ƙauye, wannan ɓangaren naku ne. Kun san hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu a tulin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ruwan sama ne fa kawai ya taɓa wannan abincin. To ina ga wanda ya zuba guba da hannunsa, ya shanya don warin ya tafi, ya auna wa mace mai ciki? Na san wasunku waken da suke kai wa gida daban suke ware shi. Wanda ya ware na gidansa ya san abin da yake yi, ba zai ce jahilci ba ne ranar da za a tambaye shi. Kuɗin buhu mai leda bai kai ribar 'yan kwanuka ba, kuma ana sake amfani da shi in bai huje ba. Mu masu saye ma da namu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke ture wake saboda rami ɗaya, mu zaɓi wanda ko ƙuda ba ya sauka a kai. A tsakiyar bazara ki ga wake a buɗe a tire yini guda, ba ƙwaro ko ɗaya da ke kusantarsa, ki tambaya yadda aka ajiye shi, ki kuma shinshina.

Ke kuwa Hajiya, waken da aka huda bai zama guba ba. Ya rage nauyi da farashi, amma yana ciyuwa. Ki zuba a ruwa, wanda ya taso ki kwashe wa kaji, sauran a yi alale ko ƙosai. Ki buɗe buhunan shida duka ki duba, kada ki tsaya kan ɗaya. Wanda ya fi kamuwa ki sayar da shi yanzu a kan farashinsa, ki faɗa wa mai saye halin da yake ciki, ki sayi buhunan leda da kuɗin. Sauran ki gasa su a rana cikin satin nan, buhu ɗaya ko biyu a yini, ki ɗaure. In bayan sati biyu kin kara kunne a jikin buhu da dare kin ji ƙas-ƙas na ci bai ragu ba, akwai inda iska ke shiga, ki sauya ledar.